Kabul ɗin Darakta da Gonar Mai Gadi

Wane ne a cikinku ya ce ɗazu aikin rezo, wato haɗa na'urori da intanet, ba komai ba ne sai tura waya cikin rami a ji ta yi ƙas? Kai ne ko? To madalla. Sa salular taka aljihu ka matso, ku ma ku matso, tunda an ɗauke wuta babu abin da za mu gyara sai ta dawo. Ni ban yi fushi ba. Kun tashi kun iske rezo yana yawo cikin iska, ku tambayi lambar sirri, ku danna, shi ke nan kun zama injiniyoyi. A zamaninmu rezo ba ya tashi sama. Da ƙafa yake tafiya, cikin kabul, harafi na bin bayan harafi, kuma in ka ɓata masa rai sai ya zauna a hanya ya ƙi motsi.

Bari in fara gaya muku yadda kayan suke, don na san ba wanda ya taɓa ganinsu cikinku. Akwai akwatin ƙarfe mai faɗi da muke ce wa rutar. Shi ke karɓar maganar duk ordinatocin da ke buro, wato kwamfutocin ofis, ya miƙa ta ga layin tarho, ta tafi Maraɗi, daga can ta wuce Yamai. Kowane ordinatar da nasa kabul har bayan akwatin nan, ba a tarayya. A bayan ordinatar kuwa akwai wani baki mai haƙora tara, shi ne bakin seri. Cikin taran nan uku ne ke aikin gaske: na biyu kunne ne, na uku baki, na biyar kuma ƙasa. Aikinka ka gicciya su, bakin wannan ya tafi kunnen wancan. In ka yi kuskure ka haɗa baki da baki, duka biyun za su yi ta magana ba mai sauraro, irin taron jam'iyyu na lokacin. Sannan dole gudun maganarsu ya zo ɗaya. In wannan na gudu wancan na tafiya, abin da zai fito kan allon ba Faransanci ba ne, ba Hausa ba, wasu ƙwari ne dai.

Kuma kabul ɗin ba a shago ake sayo shi da kansa a manne ba. Da hannu ake haɗa shi, da dalma. Ni a wurin maigidana Illiya mai gyaran rediyo na koya, a Maraɗi. Shekara biyu cur ban taɓa ƙarfen narkar da dalma ba, aikina fifita gawayi, don a cikin furnon shayi muke gasa ƙarfen. Ranar da ya fara ba ni in manna waya, na gama ina ta washe baki, sai ya kama wayar da haƙoransa ya fizga. Ta fita. Ya ce, "Laminu, wannan mannawa ce ko gaisuwa?" Sau goma sha ɗaya na sake ta ran nan. Daga baya wani ɗan Togo ya zo daga Yamai da kwangilar haɗa ordinatoci a burorin yankin nan, yana neman wanda hannunsa ba ya rawa a kan haƙora tara, maigida ya nuna ni. Jakata a lokacin ba ta da nauyi: turnabis biyu na kwance sukuru, reza, ƙarfen dalma, da ƙwan tocila da na ɗaura wa batir. Da ƙwan nan nake gane ko kabul yana da rai. In na haɗa ya kama, lafiya, in bai kama ba, an yanke wani wuri.

Wani aiki da na yi a Gidan Rumji, sau uku ana kirana cikin wata guda. Kullum in iske haƙoran seri sun lanƙwashe, in miƙe su da bakin reza, in koma Agiye inda nake zaune, a sake aikowa. Ashe sakataren wurin, mutumin kirki mai tsoron Allah, shi ne kullum in an tashi aiki yake cire kabul ɗin, ya nannaɗe shi, ya kulle cikin aljihun tebur, wai kayan gwamnati ba a barinsu a fili. Da safe kuma ya mayar da shi a juye, in ya ƙi shiga ya sa ƙarfi. Da na ce ya bari, cewa ya yi in rubuta masa takarda in sa hannu cewa in an sace ni zan biya. Na rubuta masa, ya sa ta cikin aljihun da kabul ɗin ke kwana, ya kulle.

To amma aikin da nake so ku ji shi ne na Cadawa, don shi ne ya ci mini shekara guda.

Lokacin soja sun ce za su miƙa mulki ga farar hula. An buɗe bakin kowa. Wanda bai taɓa magana gaban na gaba da shi ba, yanzu yana ɗaga hannu ya ce yana da batu. Ko ragon suna za a yanka a buro, sai an kira taro an kaɗa ƙuri'a. A Cadawa akwai wani proje, wato shirin tallafi, na rumbunan tsimi, an daɗe da rufe shi, ba sai na faɗi sunansa ba. Gini biyu ne cikin fili ɗaya mai katanga. A babban ginin akwai rutar da ordinatoci uku. Buron darakta, Mushe Haruna, wato Malam Haruna a bakin masu Faransanci, yana can ɗaya gefen filin, kamar taku arba'in, ƙarƙashin dogon yaro. Tsakaninsu fili ne fetal, ƙasa ja, ko ciyawa babu, don da rani na zo.

Ƙa'ida ita ce ka haƙa rami har gwiwa, ka sa kabul cikin tiyo, ka binne, ka jera duwatsu a kai don a san yana nan. Tiyon da na yi oda daga Maraɗi bai iso ba. Ƙasa kuma ta yi tauri, rana na dukan ƙeya, motar Agiye ta ƙarshe tana shirin tashi. Sai na ce da kaina, wa zai taɓa wannan fili? Na tona abin da bai kai taƙi ɗaya ba, na shimfiɗa kabul tsirara, na tura ƙasa da ƙafa, na tattake. Na gwada, darakta ya aika wasiƙa Yamai, ya yi mini hannu, na kama mota. Ni da aka haifa a ƙasar nan, na manta cewa babu filin banza a wurinmu, akwai dai filin da ruwa bai sauka kansa ba tukuna.

Mai gadin wurin ran nan ya tafi kasuwar Gangara, don haka bai ga inda na binne ba. Sunansa Baba Labo, dattijo ne Bagobiri daga wajen Tibiri. Da ƙuruciyarsa tufkar igiya yake yi da jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi. Gonar gidansu an raba ta an sake rabawa har nasa kason bai isa shanya ba, shi ya sa ya yo gabas ya samu gadi. Ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a Cadawa. Filin buron nan shi ne gonarsa. Kowace damina ya shuka wake da ɗan gero a ciki, kuma da shi yake riƙe bakuna bakwai, da matarsa, da ɗiyarsa da mijinta ya rasu, da nata 'ya'yan. Shekarar nan albashi sai ya ga dama yake zuwa, saboda haka waken nan ba na marmari ba ne.

Damina ta yi nisa, sai ga direban motar haya ya kawo mini saƙo a Agiye: in zo maza, ordinatar ɗin darakta ya kurumce kwana biyar. Na iso na tarar buro ya rabu biyu. Mushe Haruna kowa ya san jam'iyyar da yake yi wa. Malam Mati kuwa, mai kula da sito kuma shugaban sandika, wato ƙungiyar ma'aikatan wurin, yana ɗaya jam'iyyar. Darakta ya ja ni buronsa ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam Laminu, wannan ba lalacewa ba ce, maƙarƙashiya ce. Me ya sa nasu ukun ke aiki, nawa kaɗai ya mutu? So suke Yamai ta ce ba na aiko rapor. Na rantse gaban kowa, duk wanda aka samu da hannu a ciki, ran nan zai bar aiki."

Na ce, "Mushe, ai kana iya aikawa daga na Madam Rabi kafin a gyara." Madam Rabi ita ce sakatariya.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "In zauna kujerar sakatariya, Mati yana kallo?"

Ina fitowa Malam Mati ya tare ni bakin sito, ya ce shi ya san darakta da kansa ya lalata abinsa don ya shafa wa sandika, kuma in yi aikina tsakani da Allah, don yanzu dimokuraɗiyya ake ciki, ba a ɓoye komai.

Na shiga aiki. Na duba gudun magana, daidai. Na duba haƙora, ba wanda ya lanƙwashe. Na haɗa na biyu da na uku a wancan kan, na dawo wannan kan na sa ƙwan tocila. Bai kama ba. Wato an yanke a ƙasa. Sai a lokacin na tsaya bakin ƙofa na dubi filin da kyau. Babu ƙasa ja. Kunya ce a jere daga gini zuwa gini, an yi huɗa mai kyau, wake ya fara yaɗo, gero ya kai gwiwa.

Na fara bin layin da na tuna, ina duban ƙasa. Baba Labo ya biyo ni a baya yana cewa in taka a hankali.

Ya ce, "Yaro, mi kaka biɗa cikin wakena?"

Na ce, "Baba, wani baƙin kabul na binne nan da rani."

Ya ce, "Af, baƙar igiyar nan? Kada ka wahal da kanka, na gyara ta."

Na tsaya. Na ce, "Ka gyara ta yaya?"

Ya ce yana huɗa da galma ya ji ta sare wani abu, ya tona ya ga igiya ta rabu biyu. Bai san ta wa ce ba, amma ya san wanda ya binne igiya yana son abinsa. Sai ya jawo kan nan da kan nan, ya ɗaure su, ya naɗe da robar taya don kada ruwa ya ci, ya ƙara zurfin ramin, ya binne, har da ɗora dutse. Na ce to bai ji darakta na ta faɗa kwana biyar ba? Ya ce ya ji mana, amma wannan ai wata cuta ce daban, ita igiya ta warke tun ranar.

Na jira aka tafi cin abincin rana, na ɗaga dutsen, na tona da hannu. Na warware robar. Jama'a, na ga ɗauri a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kabul ɗin da ke da taurin kai, ya lanƙwasa shi ya saƙa shi cikin juna sumul, ko allura ba za ta shiga ba. Dariya ta taso mini, tsoro ya danne ta, don na tuna rantsuwar darakta. Na sa reza na yanke ɗaurin ta gefe da gefe, na jefa cikin jaka. Na ce, "Baba, don Allah, ko me ka ji an faɗa yau, kada ka buɗe baki. Gara ce ta ci. Ka ji ko? Gara." Ya ce ya ji, amma ya fi kallon jakata da kallona.

Niyyata in manna kabul ɗin da dalma kafin su dawo, in ce gara, kowa ya huta. Ban kai ga hura gawayi ba sai ga Malam Mati tsaye kaina yana sakace. Ya ga rami, ya ga kabul a yanke. Ya ce kada in taɓa komai, wannan shaida ce. Kafin la'asar an jera kujeru ƙarƙashin dogon yaro, ma'aikata tara, Malam Mati na jagora, Madam Rabi na rubutu. Baba Labo yana can gefe bisa tabarmarsa, don shi ko a taro ba ya zama kujera.

Malam Mati ya ce batu na farko, a ji ta bakin masani. Na miƙe na gyara murya. Na yi musu bayani mai tsawo kan gara, yadda take son robar kabul, yadda ta addabe mu a Gazawa, har na ce akwai wata irin gara mai jan kai da ba ta cin komai sai kayan Turawa. Wasu suna gyaɗa kai. Sai Madam Rabi ta ɗago daga rubutunta ta ce, "To ina guntun da garar ta ci? A sa shi cikin rapor."

Na ce na yar. Malam Mati ya ce a dimokuraɗiyya ba a yar da shaida, ya ɗauki jakata ya zazzage kan tebur. Turnabis ya faɗo, reza ta faɗo, ƙwan tocila ya gangara. Ɗaurin ya faɗo tsakiyar tebur, da sauran robar taya a jikinsa.

Direban proje ne ya fara magana, ya ce, "Lalle garar Cadawa ta yi lakol, 'yar boko ce."

Darakta ya ɗauki ɗaurin da yatsa biyu ya ɗaga sama. Ya ce, "Kun gani? Hannun mutum ne. An yanke, an ɗaure don a yi mini ba'a. Ku dubi ɗaurin ma, na gaggawa, na ɗan iskan da aka ba goro ya zo ya yi ɓarna. Ko ɗaurin kirki bai iya ba."

Malam Mati ya karɓa ya jujjuya. Ya ce wannan karon kam ya yarda da darakta, ɗaurin banza ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke sandika, don a cikin mutanensu babu mai aikin ganin dama irin wannan.

Ni ina ta yi wa Baba Labo ido. Na yi tari, na girgiza kai, na taka ƙafa. Bai ko dube ni ba. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya tako har gaban tebur.

Ya ce, "Mushe, wane ɗauri ne na banza?"

Darakta ya ce, "Baba, koma ka zauna, ba da kai ake ba."

Ya ce, "Da ni aka yi. Shekara talatin ina ɗaurin guga a rijiya mai gaba ashirin, ba guga ɗaya da ya taɓa hwaɗa mini. Kama nan. Kai kuma, Mati, kama nan. Ku ja."

Abin mamaki, suka kama. Ina jin kowannensu ya daɗe yana neman dalilin da zai ja da ɗan'uwansa. Darakta ya kafe ƙafa, Malam Mati ya ciji leɓe, suka ja, suka ja, jijiyar wuya ta fito. Kabul ɗin ya zame daga hannun Malam Mati, darakta ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kunyar wake. Ɗaurin yana hannunsa, ko gezau bai yi ba.

Baba Labo ya ce, "To. Ni na ɗaure ta. Galmata ta sare ta, na gyara. Kuma tashi daga kan wakena."

Dariya ta ɓarke, har Madam Rabi ta kifa kai bisa takardunta. Amma darakta bai yi dariya ba. Ya tashi yana kaɗe wando, ya ce ya yi rantsuwa gaban kowa kuma ba zai haɗiye ta ba, Baba Labo ya kawo makullai. Nan take Malam Mati, wanda yanzun nan ya gama zagin ɗaurin, ya buga tebur ya ce sandika ba za ta zuba ido a kori ma'aikaci ba tare da ƙuri'a ba. Aka yi ta cacar baki har inuwar dogon yaro ta matsa, aka ja kujeru aka bi ta. Daga ƙarshe direba ya kawo shawarar sulhu: Baba ya ci gaba da gadi, darakta ya yi kaffarar rantsuwarsa, amma tunda dole a sake haƙa rami a tsakiyar fili, a tumɓuke shukar gobe, kuma daga yau an hana noma cikin buro. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannu takwas suka tashi, kowa na murmushi, a ganinsu sun yi wa tsoho alheri.

Baba Labo bai ɗaga ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya dubi waken. Ya ce, "To ku kore ni ɗin ya hi. In na bar nan na iya tahiya ƙwadago gonar wasu. In na zauna gadi babu wake, mi za ni kai musu gida?"

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Tsohon nan bai yi komai ba sai abin da ya sani, ya ga abu ya tsinke ya ɗaure. Ni ne na san ƙa'ida na taka ta don in kama mota. Na ɗaga hannu na ce ina da batu. Malam Mati ya ce ni ba ɗan sandika ba ne, ba ni da baki. Madam Rabi ta ce masani na iya magana in dai ba zai sake kawo gara ba.

Na ce laifin nawa ne. Na faɗi zurfin da ya kamata da zurfin da na yi, na faɗi tiyon da ban sa ba, da duwatsun da ban jera ba, da mai gadin da ban nuna wa ba. Duk wannan gaskiya ce. Sannan na ɗora ƙarya ɗaya a kai. Na ce a ƙa'idar aiki ma bai halatta kabul ɗin seri ya ratsa tsakiyar fili ba sam, don jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shanye magana. Dole ya bi jikin katanga ya zagayo. Saboda haka babu ramin da za a haƙa, kuma wake bai tare wa kowa hanya ba.

Darakta ya ce, "Za ka rubuta haka ka sa hannu? Da batun laifin da duka?"

Na ce zan rubuta. Aka sake kaɗa ƙuri'a. Wannan karon har darakta ya ɗaga hannu, don ya samu wanda zai nuna wa Yamai, kuma ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne.

Kwana biyu na yi ina bin katanga da guduma da ƙusa. Abin da ban gaya musu ba shi ne, kabul ɗin seri in ya ƙara tsawo, dole a rage masa gudu, in ba haka ba maganar ta iso a wargaje. Hanyar katanga ta ninka ta tsakiya sau uku. Sai da na sauke gudun daga dubu tara da ɗari shida zuwa dubu biyu da ɗari huɗu sannan ya yarda. Darakta ya zauna gwaji, ya ga haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffi na fita masallaci. Ya ce, "Malam Laminu, me ya same shi?" Na ce, "Mushe, daga Yamai ne." Ya ce dama ya sani. Har aka rufe projen yana zagin mutanen Yamai, alhali na Madam Rabi a ɗaya ginin yana gudu lafiya lau, bai kuma taɓa zama kujerarta ba balle ya gane.

Rapor ya tafi da sa hannuna. Ɗan Togo ya karanta ya aiko mini da takarda mai layi uku. Sabon aikin Gidan Rumji da na Gazawa da ya yi mini alkawari, ya ba wani. Shekara guda ba wanda ya kira ni haɗa ko haƙori ɗaya. Na kakkaɓe tsohon akwatina na koma gyaran rediyo, ina bin kasuwanni, yau Cadawa, gobe Gangara, da furno a hannu. Allah ya taimake ni lokacin siyasa ne, kowa na son jin wa ya zagi wa, rediyo ba ta kwana a lalace. Amma akwai ranakun da na wuni ƙarƙashin rumfa ban manna waya ko ɗaya ba, mutane na wucewa suna nuna ni, ga injiniyan da ya shuka kabul a gonar mai gadi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Da kaka, ranar kasuwar Cadawa, na ce bari in leƙa buron. Na iske an roro wake, an tara shi bisa tabarmi bakin ɗakin gadi, tari har ƙugu. Matar Baba Labo da ɗiyarsa suna ta sussuka, shi kuma yana zaune yana tufka igiya da makullan buro rataye a wuyansa. Na yi sallama na durƙusa na gaishe shi. Gaskiya na zaci godiya zai yi, har na shirya abin da zan ce, irin ai ba komai Baba, yi wa kai ne.

Ya amsa gaisuwar a daƙile. Ya ci gaba da tufka, sai can ya ce, "Yaro, ina da magana da kai. Tun da ka yanke ɗaurin nan, na'urar Mushe ba ta koma daidai ba. Kowa ya shaida."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Ɗaurin nan ba shi da laihi. Kwana biyar kaɗai ya yi. Ko sabuwar igiya sai ta sha ruwa take laushi. Da ka bar shi ya yi wata guda, da maganar ta saba da shi ta riƙa wucewa abinta. Amma ku yaran yanzu ba ku da haƙuri."

Na buɗe baki zan yi masa bayanin kunne da baki da ƙasa. Sai na dubi tarin waken nan, na dubi matan da ke sussuka suna hira, na rufe bakina.

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Na yi gaggawa."

Ya ce ba komai, yaro ne ni, zan koya.